Buhun Shinkafa Ba Diyya Ba Ne

'Yan'uwanmu da ke zaune a bakin Kogin Binuwai, daga Numan zuwa Lau har Ibi, sun san jirgin ruwa shi ne motarsu. Da shi ake zuwa kasuwa, da shi ake kai mara lafiya asibiti, wani lokaci ma da shi ake zuwa sujada. Sun kuma san labarin baƙin ciki. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nitse kusa da Wara a Jihar Kebbi. A watan Yuni na 2023 mutum fiye da 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga biki. A watan Oktoba na wannan shekarar kuma wani ya kife da 'yan kasuwa tsakanin Ardo-Kola da Karim Lamido a Jihar Taraba.

In haka ta faru, jaridu kan ƙidaya matattu. Ba mai ƙidaya wadda aka tsamo da karyayyen ƙugu, ko wanda farfelar inji ta sare wa ƙafa ga damina ta kama. Manyan gwamnati su zo jaje da buhun shinkafa da 'yan kuɗi a ambulan, mu yi godiya, shi ke nan. To, wannan gudummawa ce. Diyya daban take, hakki ce da doka ta ɗora wa wanda sakacinsa ya jawo raunin.

Mun sha jin ana cewa ƙaddara ce, a bar wa Allah. Ba mu musun cewa rai a hannun Ubangiji yake. Amma mai jirgin da ya loda mutum 80 inda 40 ya kamata, ya ƙara da babura da buhunan masara, ya tashi bayan faɗuwar rana ba fitila, ba rigar ceto ko ɗaya, wannan ya yi sakaci. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lokoja, ta hana lodin da ya wuce kima da tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ceto. Ko a cikin Littafin Fitowa sura 21, an umurci wanda ya ji wa ɗan'uwansa rauni ya biya kwanakin aikin da ya rasa, ya kuma ɗauki nauyin jiyyarsa. Saboda haka neman diyya ba rashin bangaskiya ba ne.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne rashin shaida. Jiragen nan ba kasafai suke rubuta sunayen fasinja ba, kuɗin fito kuwa hannu da hannu ake biya. Bayan wata shida mai jirgi yana iya cewa bai taɓa ganinka ba. Don haka tun mai rauni yana kwance, wani daga cikin dangi ko dattawan ikkilisiya ya kai rahoto wurin 'yan sanda, ya rubuta sunan mai jirgin da na matuƙi, domin sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne, ya kuma rubuta sunayen waɗanda suka ga yadda aka yi lodi. A karɓi takardar likita, a adana rasiɗin magani ko na naira 200 ne. In wurin mai ɗori aka je, a sami shaidun abin da aka biya. Kotu ba ta ba da kuɗin jiyya sai ta ga hujjarsa.

Wace kotu kuma? Nan akwai sarƙaƙiya. Sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin sha'anin zirga-zirgar jirage a kan Kogin Neja da Binuwai da rassansu. Wanda ya kai ƙararsa inda bai dace ba yana iya ɓata shekaru a banza. Ga kuma wa'adi: in hukumar gwamnati ko jami'inta ake zargi, dokar da ke kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid na jiharsa, hukumar da gwamnati ta kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi.

Gaskiya kuwa sai mu faɗa. Yawancin masu jiragen katako talakawa ne irinmu, ba su da inshora, dukiyarsu kuma tana ƙarƙashin ruwa tare da jirgin. Ana iya cin shari'a a koma gida da takarda kawai. Shi ya sa ba mu raina sulhu a gaban sarkin ruwa da dagaci da shugabannin ƙungiyar masu jirage, musamman in mai jirgin ɗan garinmu ne da za mu haɗu da shi ran Lahadi. Amma sulhun ya zama a rubuce, da adadin kuɗi da ranakun biya da shaidu. Kada kuma mai rauni ya dangwala yatsa a kan wata takarda kafin likita ya faɗi ko ƙafar za ta sake taka ƙasa, kafin kuma wani da ya amince da shi ya karanta masa abin da ke ciki.