Shin Ko Kun San? Giyar Otomatik ta Tsofaffin Motoci

Shin ko kun san cewa kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara cika kasuwa da giyar otomatik? Sunanta Hydra-Matic, ta fito a motocin Oldsmobile samfurin 1940. Irin waɗannan motoci ba su da wurin jona kwamfuta, domin sai 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II. Ido da hanci da kunnen bakanike su ne kayan bincike.

Shin ko kun san man giya ne ke fara tona asiri? A zaro geji a goga a farin ƙyalle. Ja mai haske, lafiya lau. Baƙi-baƙi mai ƙauri, faifan kuloci sun ƙone. In ya yi kamar madara mai ratsin ja, to ruwa ya shiga, galibi ta bututun sanyaya mai da ke cikin lagireto.

Shin ko kun san ba a auna man da injin a kashe? Sai mota ta ɗau zafi, tana silo, a fili mai daidai. Yawancinsu a P ake auna su, amma TorqueFlite ta Chrysler a firi ake dubawa. Cika mai fiye da ƙima ma illa ce: yana kumfa, giya ta riƙa sulɓewa.

Shin ko kun san mai zai iya ƙarewa ba tare da ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba? Giyoyi irin C4 ta Ford da TH400 ta General Motors suna da wani ɗan gwangwani a gefe, wanda tiyo ya haɗa da injin. In robar cikinsa ta yage, sai injin ya tsotse man giya ya ƙone shi, salansa ta yi ta farin hayaƙi. A cire tiyon. In an ga danshin jan mai a ciki, an kama ɓarawo. Gyaran bai kai a sauke giya ba.

Shin ko kun san wayar totur kaɗai na iya ruɗa mutum? A Borg-Warner 35, wadda ta fito a 1961 kuma aka sa wa motocin Rover da Triumph da Volvo, wayar ce ke daidaita ƙarfin matsin mai. In ta yi tsauri, giya ta makara kuma ta shiga da fizga. In ta saki, ta shiga da wuri, kuloci na zamewa har ya ƙone.

Shin ko kun san ba kowane jan mai ne ɗaya ba? Borg-Warner 35 da tsofaffin giyoyin Ford da yawa Type F suke sha. Dexron, wanda ya fito a 1967, ya fi shi santsi, yana iya sa su zamewa.

Shin ko kun san har farkon shekarun 1970 ana gauraya man giya da kitsen ƙatuwar dabbar teku da ake kira wel? Wata dokar kare dabbobin ce ta hana.

Shin ko kun san wasu tsofaffin otomatik na tashi da turi? Suna da famfo na biyu a baya, wanda juyawar tayoyi ke kaɗawa. A tsakiyar shekarun 1960 kamfanoni suka fara cire shi. Wadda ba ta da shi, turi aikin banza ne, kuma jan ta nesa da tayoyin baya a ƙasa na cinye giya, tunda mai ba ya zagayawa.

Shin ko kun san farantin ƙasan giya ne alƙali? In an kwance shi aka ga laushin ƙura toka-toka, tsufa ne kawai. In ɓarɓashin ƙarfe ne ko gutsattsarin kuloci, to nan fa sai a sauke giya.