INA IKILISIYAR TAKE, GININ NE KO MUTANEN?

Kowace Lahadi mukan ji magatakarda ya tashi a lokacin sanarwa ya ce, "Ikilisiya tana gaishe da baƙinmu," ko kuwa, "Ikilisiya ta yi rashi." Ba mai tambaya wace ce ta yi gaisuwar, domin kowa ya san mu ne da muke zaune. Amma da an tashi sujada sai ka ji wani dattijo yana cewa rufin ikilisiya yana yoyo. To, 'yan'uwa, wadda ta yi gaisuwa ɗazu ita ce kuma take yoyo?

Kalmar ba Hausa ba ce tun asali. Daga Helenanci ta fito, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, shi ya sa har yau rubutunta bai tsaya wuri ɗaya ba: waɗansu ekklesiya, waɗansu ikkilisiya, waɗansu ikilisiya. A wurin Helenawa ba kalmar addini ba ce. Taron 'yan gari ne da akan kira su fito su yanke shawara a kan al'amuran birninsu. Duk mai son ya tabbatar ya buɗe Ayyukan Manzanni sura 19, inda maƙeran azurfa suka ta da hargitsi a Afisa saboda wa'azin Bulus. A cikin Helenanci, wannan taro mai ihu da kalmar nan aka kira shi, ko da yake ba masu bi ba ne. Abin da ke cikin kalmar ke nan: mutanen da aka kira suka taru.

A cikin Bisharu huɗu Matiyu kaɗai ya yi amfani da ita, a sura 16 da sura 18. Ta biyun ita ce ta fi shafar zamanmu na yau da kullum, inda Ubangiji ya koyar cewa idan ɗan'uwa ya ƙi jin mutum ɗaya, ya ƙi jin biyu ko uku, sai a kai maganar gaban ikilisiya. Ba a kai wa bango ƙara. Bulus kuma ya gai da ikilisiyar da ke taruwa a gidan Akila da matarsa, da wadda ke gidan Filimon. A zamanin nan masu bi ba su da ginin kansu ko ɗaya.

Iyayenmu sun gane wannan bambanci sarai. Ginin suka kira majami'a, wato wurin da jama'a ke haɗuwa, kamar yadda makaranta take wurin karatu. Waɗansu kuma su ce masujada ko ɗakin sujada. Mutanen su ne ikilisiya. Don haka akan ce dattawan ikilisiya, ɗan ikilisiya, horon ikilisiya, amma a ce an share majami'a. Sai "coci" ta shigo daga Turanci ta haɗiye duka biyun, mu kuwa muka bi ta ba tare da lura ba. Ba mu ce a daina faɗin coci ba, gama ta riga ta zauna a bakin yara da manya, kuma ita ce maƙwabtanmu Musulmi suka fi sani. Damuwarmu ita ce yadda ta ja ikilisiya ma ta koma sunan bulo da kwano.

Akwai kuma ma'ana ta uku, ta ɗarika. A 1955 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin mishan na SUM da abokan aikinsu suka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda daga baya ta zama TEKAN. Haka kalmar take cikin sunan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da na HEKAN. Wannan ba laifi. Sai dai idan aka tambayi mutum ikilisiyarsa ya amsa da haruffa uku ko huɗu, sau da yawa abin da mai tambayar yake so ya ji shi ne ƙabilarsa da garinsu.

'Yan'uwanmu na EYN sun koyi ma'anar kalmar da tsada. A 1923 aka yi sujadarsu ta farko a Garkida a gindin tsamiya, ba rufi ba benci. A 2014 'yan Boko Haram suka sace 'yan mata a Chibok, yawancinsu 'ya'yan wannan ikilisiya, a watan Oktoba kuma suka mamaye hedkwatarta a Kwarhi kusa da Mubi, har shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. An ƙone majami'u masu yawa ƙwarai a Borno da Adamawa. Duk da haka a sansanonin gudun hijira, har da Minawao a Kamaru, aka ci gaba da sujada, ana baftisma, Zumuntar Mata tana taruwa da tulunanta na kiɗa. Dattawan da suka tsira suka zauna suna ƙidaya wa ya iso, wa ba a gani ba tukuna.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, mu da gine-ginenmu suke tsaye. Waɗansu daga cikin mutanen nan ba su koma gida ba. Suna zaune a bencin baya a majami'unmu a Jos, da Yola, da Kaduna, da gefen Abuja. Suna ba da baiko, 'ya'yansu suna cikin ƙungiyar mawaƙa, amma shekara goma ke nan ana ce da su baƙi. Dalili wai ba su kawo takardar shaida daga ikilisiyarsu ta dā ba. Littafin sunayen kuwa ya ƙone tare da majami'ar, faston ma yana iya yiwuwa ba ya da rai. Idan suka yi rashin lafiya ba a sa su cikin jerin ziyara, idan za a zaɓi dattawa ba su da ƙuri'a.

Muna roƙon majalisar dattawa ta kowane wuri, kafin a sake buɗe asusun fenti ko na sabuwar hasumiya, a ɗauko littafin sunaye a gwada shi da fuskokin da ke zuwa kowace Lahadi. Wanda takardarsa ta ƙone, a nemi masu bi biyu ko uku da suka san shi su shaide shi, a rubuta sunansa.