Duniya tana juyawa, me ya sa ba ta barin jirgin sama a baya?

Duniyarmu tana juyawa daga yamma zuwa gabas, sau ɗaya cikin awa 24. Wannan juyi ne yake kawo dare da rana. A kudancin Nijar, gudun juyin ya zarce kilomita 1.600 a awa ɗaya.

To, ga tambaya. Idan jirgin sama mai saukar angulu ya tashi a Maraɗi, ya tsaya cik a sama, shin duniya za ta juya ta kawo masa Yamai ƙarƙashinsa? A'a. Zai sauka a Maraɗi, inda ya tashi.

Ga dalili. Mu ɗauki misalin matafiyi cikin mota mai gudu. Idan ya jefa goro sama, goron zai dawo hannunsa, domin goron yana da gudun motar tun kafin a jefa shi. Haka jirgin yake. Tun yana ƙasa yake tafiya tare da duniya, kuma tashinsa ba ya raba shi da wannan gudu. Iskar da yake tsaye cikinta ita ma tana juyawa tare da duniya.

Tauraron ɗan'adam kuwa, al'amarinsa daban ne. Can inda yake babu iskar da za ta riƙe shi. Tilas ya yi ta kewaya duniya da gudu, in ba haka ba sai ya faɗo. Na kusa, kamar mai nisan kilomita 400, yana gama kewaye ɗaya cikin minti 90. Idan nisa ya ƙaru, lokacin kewaye yana ƙaruwa. A nisan kilomita 36.000, bisa layin tsakiyar duniya, kewaye ɗaya yana cin yini da dare, daidai da juyin duniya. Saboda haka muke ganin tauraron kamar yana tsaye wuri ɗaya. Shi ya sa ake kafa farantin talabijin sau ɗaya, ba a sake juya shi.

Taurarin Meteosat, waɗanda aka fara harbawa a 1977, irin waɗannan ne. Dare da rana suna ɗaukar hoton gajimaren Afirka. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai tana aiki da hotunan taurari don bin tafiyar damina.

Saboda haka, manoma, kafin mu zuba iri bayan ruwan farko, mu saurari labarin yanayi a rediyo, kada irinmu ya ƙone cikin ƙasa.