Dalmar Da Ke Wuyan 'Ya'yanmu

Mutumin Talata Mafara, Bakura ko Maradun ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan gubar dalma. A shiyyarsu ta Zamfara ta Yamma, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, aka rasa yara wajen 400 a shekarar 2010, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Dutsen zinariya ne ake kaiwa gida a daka, a niƙa, ashe yana ɗauke da dalma. Ƙurar ta zauna a tsakar gida, yara suna rarrafe a kai, hannu baka. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara lura da yawan mace-macen, kuma sai a 2013 aka kankare gurɓatacciyar ƙasar ƙauyen Bagega.

Masu wannan aiki sun yi amfani da wata na'urar hannu da ake kira XRF, wadda ake ɗorawa a kan ƙasa ta nuna yawan dalmar da ke ciki nan take. Irin wannan na'ura ce ake ɗorawa a kan sarƙa da awarwaro kafin su shiga kasuwar Turai ko Amurka. Duk maƙerin fari ko ɗan kasuwar da ke son fitar da kayan ado waje, da ita zai fara karo.

Dokar Tarayyar Turai, tun daga 2013, ta hana sayar da kayan adon da dalmarsu ta kai rabin giram a kowane kilo, kuma kowane ɓangare ake aunawa da kansa: maɗauri, ƙugiya, zoben da ke riƙe da dutse. Akwai iyaka ga kadmiyam, akwai ta nikel, wanda shi ne ke sa kunne ƙaiƙayi da ruwa bayan an sa ɗan kunne mai araha. Amurka ta fi tsauri kan kayan yara: miligiram 100 a kilo, tun 2011. Ba haka kawai suka tsaurara ba. A 2006 wani yaro ɗan shekara huɗu ya rasu a Minneapolis bayan ya haɗiye ɗan ƙarfen adon da ke zuwa kyauta da takalmin Reebok.

Gilashin kiristal kuwa yana da nasa sha'ani. Ƙyallin da mata ke so a jikinsa, daga dalma yake, don na asali yana ɗauke da aƙalla kashi 24 cikin ɗari na sinadarinta. Turai ta ɗaga masa ƙafa saboda dalmar a daskare take cikin gilashi, amma Amurka ta ƙi yin wannan rangwame a kayan yara. Kamfanin Swarovski ma ya daina sa dalma a duwatsunsa tun 2012. Galibi dai matsalar ba a dutsen take ba, tana cikin ƙarfen da aka girka shi da abin da aka liƙe shi da shi.

To, a je kasuwar Mafara ranar Talata a duba tiren masu kayan koli: sarƙoƙi, zobba, duwatsun hannu na jarirai, duk babu takardar da ta ce ga abin da ke ciki. Jaririn da aka sa wa yana tsotsa. Ga kuma kwalli: a 2012 hukumar lafiya ta CDC ta Amurka ta ba da rahoton wani da aka kai daga Najeriya, aka auna aka sami dalma fiye da kashi 80 cikin ɗari.

Gwajin da Bature ke nema kafin ya saya, 'ya'yanmu sun fi shi buƙata. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON da gwamnatin Zamfara su kawo na'urar nan kasuwanninmu, a riƙa auna kayan yara tun a gaban mai sayarwa. Ke kuma uwa, kafin hakan ta samu, ki cire duk wani ƙarfen ado daga jikin yaron da ke kai abu baki.