Ekklesiyar da ta yi gudun hijira ba ta daina sujada ba

Ranar 29 ga Oktoba, 2014, 'yan Boko Haram suka shiga Kwarhi, kusa da Mubi a Jihar Adamawa, inda hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya take. Ma'aikata, da ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp, da iyalansu, kowa ya yi ta kansa cikin jeji. Shugaban ikilisiyar, Rabaran Samuel Dali, ya tattara abin da ya saura na ofis ya koma Jos.

Wata shida kafin nan an kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ikilisiya ne. Daga Gwoza zuwa Madagali da Michika an ƙone majami'u, garuruwa sun watse. Daga baya shugabanninta suka ce membobinsu da aka kashe sun haura 8,000, waɗanda suka rasa matsuguni kuwa sun kai kimanin 700,000.

Duk wanda ya ga wannan ɓarna zai ce ikilisiyar ta mutu. Amma ai ba da gini ta fara ba. A gindin wata tsamiya a Garkida aka yi sujadar farko, ranar 17 ga Maris, 1923, lokacin da Stover Kulp da Albert Helser suka iso daga Amurka. Don haka da jama'a suka tsinci kansu a sansanin Minawao na Kamaru, da Yola, da Jos, ba su jira rufi ba. Ran Lahadi na yi sai a share fili. Fasto ya tsaya ba bagadi, a zaga da kwanon baiko ko da ba abin sakawa sai 'yan canji. Matan zumunta su ɗaura zani iri ɗaya, wadda nata bai ƙone ba ke nan, su buga tulu da caki, su rera waƙa da Hausa, wasu suna yi hawaye na zuba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙin ramuwa. Koyarwarsu tun asali ta hana ɗaukar makami, kuma a lokacin da matasa ke tafasa, riƙe wannan koyarwa ba ƙaramin aiki ba ne. Sun riƙe. Rebecca Dali, matar shugaban, ta riƙa rubuta sunayen mamata ɗaya bayan ɗaya, tana raba abinci ga gwauraye da marayu ba ta tambayar addinin kowa. Markus Gamache ya kafa matsuguni a Gurku, Jihar Nasarawa, inda Musulmi da Kirista da rikicin ya koro suka zauna unguwa guda, ga masallaci ga majami'a.

A 2016 hedikwata ta koma Kwarhi. Wahala dai ba ta ƙare ba. A Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi a Michika. An nuna shi a bidiyo yana magana cikin natsuwa, yana miƙa lamarinsa ga Allah, sannan aka kashe shi. A Fabrairu aka kai wa Garkida kanta hari, aka ƙone majami'a. Shekara uku bayan haka, a Maris 2023, jama'ar ikilisiyar suka taru daga ko'ina suka yi bikin cika shekara 100.