Daga Kabul Zuwa Agadez: Abin da Ƙarfin Soja Ya Kasa Yi wa Ƙasashen Yamma

A ranar 2 ga Fabrairun 2013 shugaban Faransa na lokacin, François Hollande, ya sauka a Timbuktu. Jama'a suka yi dafifi suna kiɗa da rawa suna ɗaga tutar Faransa, har aka ba shi kyautar raƙumi. Makonni uku kafin nan ne sojojinsa suka tare masu iƙirarin jihadi a Konna, suka hana su gangarowa kudancin Mali. Shekara tara da rabi bayan haka, a watan Agustan 2022, rukunin ƙarshe na sojojin Faransa ya fice daga Gao, a lokacin da masu zanga-zanga a Bamako suka koma ɗaga tutar Rasha. Abin da ya faru tsakanin waɗannan ranaku biyu shi ne babbar matsalar da ke damun Amurka da ƙawayenta na Turai a yaƙi da ta'addanci: suna iya ƙwace gari cikin mako guda, amma zaman lafiyar da za ta ɗore bayan tafiyarsu ta gagare su.

Tushen lamarin yana komawa ga harin 11 ga Satumban 2001, wanda ya hallaka mutum kusan 3,000 a Amurka. A lokacin ne ƙungiyar tsaro ta NATO ta yi amfani da sashe na 5 na yarjejeniyarta, wanda ya ce hari a kan ƙasa ɗaya hari ne a kan duka, kuma ba ta sake amfani da shi ba har yau. Aka shiga Afganistan, aka yi shekara 20, har akwai lokacin da dakarun ƙawancen suka kai kimanin 130,000. Duk da haka, a ranar 15 ga Agustan 2021 'yan Taliban suka shiga Kabul ba tare da wani faɗa na a zo a gani ba.

A Sahel ma hanyar da aka bi ke nan. Bayan jiragen NATO sun taimaka wajen kifar da Gaddafi a 2011, makaman Libiya suka bazu cikin hamada, arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye a 2012. Faransa ta kafa rundunar Barkhane a 2014, da hedikwata a Njamena, sojojinta suka kai 5,100. Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙa a gefen Agadez, inda jiragen suka riƙa tashi dare da rana suna leƙen duk abin da ya motsa daga Libiya zuwa Tafkin Chadi. An kashe manyan jagorori: Abdelmalek Droukdel na Alƙa'ida a 2020, da Adnan Abu Walid al-Sahrawi na IS a 2021. Amma hare-hare sai ƙara yaɗuwa suke yi, daga arewacin Mali zuwa tsakiyarta, zuwa Burkina Faso, zuwa yankin Tillaberi na Nijar.

Dalilin yana ƙasa, cikin ƙauyuka, inda idon jirgi ba ya gani. Makiyayin da aka sace wa shanu ya kai ƙara aka nemi cin hanci, manomin da aka ƙwace wa gona, saurayin da sojojin ƙasarsa suka kashe wa uba bisa zargi kawai, su ne waɗanda ƙungiyar masu iƙirarin jihadi ta JNIM ke samun kunnensu. Tana kafa kotunta a gindin bishiya, ta yanke hukunci a yini ɗaya, ta karɓi abin da take kira zakka, ta kashe duk wanda ya ƙi. Kisan Fulani kimanin 160 a ƙauyen Ogossagou na Mali a watan Maris na 2019 ya ƙara mata mabiya. Haka ma harin jirgin Faransa a Bounti a Janairun 2021, wanda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ya kashe farar hula 19 a wajen bikin aure, ko da yake Faransa ta musanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma rashin adalci shi ne tsagar.

Da talakawa suka gaji, sojoji suka sami hujjar juyin mulki: Mali a 2020 da 2021, Burkina Faso sau biyu a 2022, Nijar a ranar 26 ga Yulin 2023. Faransa ta kwashe sojojinta daga Nijar a Disamban 2023, Amurka ta miƙa sansanin Agadez a Agustan 2024, Chadi ma ta sallami Faransa a farkon 2025.

A daidai wannan lokaci hankalin ƙasashen Yamma ya koma wani wuri. Tun da Rasha ta mamayi Yukren a ranar 24 ga Fabrairun 2022, abin da ke hana Turai barci shi ne tankoki da makamai masu linzami a kan iyakarta. Finland da Suwidin suka shiga NATO, mambobinta suka zama 32. A taron Hague na Yunin 2025 suka amince su riƙa kashe kashi 5 cikin 100 na arzikin ƙasa a harkar tsaro kafin shekarar 2035. Wani ɓangare na kuɗin daga aljihun agaji yake fitowa: Birtaniya ta sanar da rage tallafin da take bai wa ƙasashe masu tasowa domin ƙara kasafin soja, Amurka kuma ta rufe hukumarta ta USAID. Wato asibiti da makaranta da rijiya, waɗanda ke rage wa 'yan ta'adda mabiya, su aka fara zaftarewa. Wannan lissafi yana da haɗari ga Turai kanta, domin har yanzu ba ta manta da mutum 130 da aka kashe a Faris a Nuwamban 2015 ba, kuma wannan hari a yankin da IS ke riƙe da shi a Siriya a lokacin aka kitsa shi.

A Sahel kuwa, mayaƙan Rasha da suka maye gurbin Turawan Yamma ba su kawo sauƙi ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin Mali da baƙin mayaƙa sun kashe aƙalla mutum 500 a garin Moura a Maris na 2022. A shekarar 2024, fiye da rabin waɗanda ta'addanci ya kashe a duniya a Sahel suka mutu. Wutar ta kai arewacin Benin, 'yan Lakurawa kuma suna cin karensu babu babbaka a wasu yankunan Sakkwato da Kabi, kusa da iyakar Nijar.

Ƙasashen Yamma suna da abin da za su iya bayarwa: bayanan sirri, horo, da toshe hanyoyin kuɗi da makamai. Amma alƙalin da ba ya karɓar cin hanci, da sojan da ke tsoron hukunci idan ya taɓa farar hula, ba daga Faris ko Mosko za a kawo su ba. Najeriya da Nijar suna da iyaka mai tsawon kilomita kusan 1,500, wadda ɗan bindiga ke tsallakawa a kan babur cikin dare ɗaya. Wajibi ne shugabannin Abuja da Yamai su ajiye saɓanin siyasa su dawo sintiri tare, su kuma gyara tsakaninsu da talakawan karkara, domin da su ne kaɗai za a ci wannan yaƙi.