Masu lalata kwamfuta da gangan don kada ta ba su kunya

Mai POS a kasuwar Zagga ta Jihar Kebbi yana da amsa ɗaya ga duk abin da ya hana kuɗi fita: "Babu netwok." Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024 amsar ta game ƙasa. Manyan wayoyin intanet huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a gaɓar Kodebuwa, sai harkar bankuna ta tsaya cak a wurare da dama na Najeriya. Wanda ya ce zai tsallaka Lolo ya gwada sa'a a Benin ma bai tsira ba, don can abin ya fi tsanani.

Kuɗin da ɗan kasuwar Tsamiya ke turawa ba kwamfuta ɗaya ke riƙe da su ba. Gungu ne na ɗaruruwa ko dubbai, jere a ɗakuna masu sanyi a Legas ko Turai, kuma akwai manhaja guda da ke shugabantarsu. Ita ke raba aiki, ita ke lura da wadda ta mutu ta kwashe aikinta ta ɗora wa wata. Wadda ta fi shahara ita ce Kubernetes, da Google ya fitar a 2014. Alƙawarin irin wannan manhaja shi ne ko kwamfuta goma sun mutu, mai amfani ba zai ji a jikinsa ba. To, wa ya tabbatar da alƙawarin?

Kamfanin Netflix ne ya yi suna wajen amsa wannan tambaya. A 2011 ya bayyana wa duniya wata manhaja mai suna Chaos Monkey, wadda ba ta da aiki sai kashe kwamfutocin kamfanin, kowacce ta faɗo mata, da rana tsaka, ana cikin yi wa jama'a hidima. Zaɓen lokacin shi ne hikimar. Injiniyoyi suna ofis, idonsu biyu, shayinsu a gabansu. Gara abin ya fashe a lokacin da ya fashe ƙarfe ukun dare. Daga baya suka ƙara wadda ke rufe kwamfutocin yanki guda ɗungurungum. Da ma'ajiyar Amazon ta Gabashin Amurka, wadda Netflix ke amfani da ita, ta samu matsala a Satumba 2015, kamfanoni da yawa sun ji jiki, Netflix kuwa ya karkatar da masu kallonsa wani yanki, abin da ya saba yi a atisaye. Masassaƙin jirgi a bakin kogin Kwara ya san wannan dabara: kusa da gaɓa ake jijjiga sabon kwale-kwale a ga inda ruwa ke shiga, tun ba a zuba masa mutane da buhunan shinkafa ba.

Kashe kwamfuta ma shi ne mai sauƙi. Masu gwajin sun fi tsoron wadda ba ta mutu ba kuma ba ta da lafiya, tana amsawa amma a makare, ko agogonta ya saɓa da na sauran. Don haka sukan jinkirta saƙo da gangan, su cika ma'ajiya har baki, ko su datse layi tsakanin rabin gungun da ɗaya rabin, su ga ko kowane ɓangare zai ɗauka shi ne shugaba. Idan haka ta faru a banki, nan ne za a cire kuɗi a asusunka, mai POS kuma ya rantse bai gani ba. Shi ya sa ake fara gwajin da ɗan ƙaramin kaso na masu amfani, da hanyar tsayar da gwajin nan take.

A nan gida an ga abin da rashin irin wannan tuhuma ke jawowa. A Mayu 2025 hukumar JAMB ta amsa cewa wani gyara da aka yi wa manhajar jarrabawa bai kai ga wasu kwamfutocin da ke kula da Legas da Kudu maso Gabas ba. Ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 abin ya shafa, aka ce su sake rubuta jarrabawar, shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida. Ɗaliban Kebbi ba su cikin waɗanda abin ya shafa, amma ba don wani shiri nasu ba. Barin kwamfuta ɗaya da tsohuwar manhaja da gangan, a ga ko tsarin zai yi ƙara, yana cikin gwaje-gwajen da ba su da tsada.

A ganina abin da ke hana mu ba kuɗi ba ne, tun da yawancin kayan gwajin kyauta ne. Tsoro ne. Injiniyan da ya kashe kwamfuta da izini, abin ya ɓaci na minti goma, shi oga zai fara kora, alhali wanda ya yi shiru har komai ya rushe ranar albashi zai ce ƙaddara ce. Babban Bankin Najeriya da hukumar NCC suna da ikon sauya wannan lissafi, idan suka wajabta wa bankuna da kamfanonin sadarwa yin atisayen datse layi a kai a kai, su kuma kawo sakamakon a rubuce, har da tsawon mintunan da aka ɗauka kafin kuɗi su sake tafiya.